Filin Manoma: Yadda A Ke Karanta Taswira

Jama'a, yau za mu ajiye maganar iri da taki, mu ɗauko wata takarda wadda ta ke yawan shiga hannun manoma a zamanin nan, amma kaɗan ne suka san abin da ta ke faɗi. Watau taswira.

Da can taswira kayan 'yan makaranta ce da ma'aikatan safiyo. Yanzu kuwa mai sayen gona sai an miƙa masa ita. Malamin gona ya kan zo da ita don ya nuna lokacin saukar damina. Ɗan kasuwa da direba suna da ita cikin wayarsu, akawu kuma yana da su jibge cikin fayil. Wanda bai iya karatunta ba, wata rana sai ya sa hannu a kan abin da bai gani ba. Rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Abin da mu ke so ku riƙe tun daga farko shi ne wannan: babu ɗigo, ko layi, ko launi, da ya faɗo bisa taswira da kansa. Mutum ne ya zauna ya zaɓa, ya sa wannan, ya bar wancan, don ya faɗi wata magana guda. Aikin mai karatu shi ne ya gane wace magana ce, kada ya ɗora wa takardar abin da ba ta ce ba.

KOWA YA TAƁA ZANA TASWIRA

In baƙo ya tambaye ka hanyar wani ƙauye, ka kan tsuguna ka share ƙasa da hannu, ka ja layi da tsinke ka ce ga hanya, ka ajiye tsakuwa ka ce ga rijiya, ka ajiye ɓawon gyaɗa ka ce ga kukar da zai ratse a gindinta. Ba ka zana masa kowace bishiya ba, sai wadda za ta amfane shi. To, ka yi taswira ke nan. Ba kuwa baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1824, sa'ad da Kyaftin Clapperton ya isa Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswira mai nuna garuruwa da kogin Kwara, har aka buga ta cikin littafi a Ingila a 1826.

Bambancin taka da ta takarda guda ne. Kai kana tsugune kusa da baƙonka, kana gaya masa tsakuwa rijiya ce. Mai taswirar takarda ba ya nan balle ka tambaye shi, saboda haka sai ya bar bayaninsa a gefe. Cikin wani ɗan akwati a kusurwa za ka ga alamomi jere, kowace da ma'anarta. Wannan shi a ke kira mabuɗin taswira. Wanda ya tsallake shi ya faɗa tsakiyar takarda, kamar wanda ya tarar da zance a tsakiya ne ya kama ba da amsa.

SUNA DA SHEKARA

Kafin mabuɗi ma, a duba sunan taswirar. Sunan ne zai gaya maka ko ta ruwan sama ce, ko ta irin ƙasa, ko ta tudu da gangare, ko ta hanyoyi. Ƙasa ɗaya a ke zanawa, amma kowace da maganarta.

Sa'an nan a nemi shekarar da aka yi ta, ko da an rubuta ta da ƙananan baƙaƙe a ƙasa. Ƙasa tana sakewa, takarda kuwa tana nan yadda aka bar ta. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, saboda haka taswirar da ta riga wannan shekara za ta nuna maka gonaki da daji a inda ruwa ya ke kwance yau. Tafkin Chadi a 1963 ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000. Kafin tsakiyar shekarun 1980 ya janye har bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, mutane suka shiga noman masara da wake a inda tsohuwar taswira ta shafa shuɗi. Tun daga nan ya kan ƙaru ya kan ragu. Haka kuma in ka ga taswira ta sa Haɗeja cikin Jihar Kano, ka san ta girmi 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa.

MAGANAR LAUNI

A nan ne aka fi yin kuskure, don ido launi ya ke fara kamawa. Akwai abin da masu zane suka saba yi kusan ko'ina. Shuɗi na ruwa ne: kogi, tafki, kududdufi. Baƙi na abin da mutum ya gina ne, kamar gidaje da hanyar jirgin ƙasa, da kuma sunaye. Ja sun fi ba manyan hanyoyi, ko abin da su ke so a lura da shi da wuri, kamar wurin haɗari. In kuwa ana nuna yawa da ƙaranci ne, launi mai duhu shi ne mai yawa, mai haske shi ne kaɗan.

Amma kore shi ke ruɗin manomi. Mu a wurinmu kore alamar albarka ce, da mun gan shi sai zuciya ta ce ga dausayi. A taswirar tsire-tsire haka ne, kore daji ne ko kurmi. A taswirar tudu da gangare kuwa, irin wadda ke cikin littattafan makaranta, kore ba ya nufin kome sai ƙasa mai kwari, wadda ba ta ɗaga sama da teku sosai ba, ruwan ƙasa kuma yana nufin tudu. Ga misali. A hamadar Masar akwai wani kwari da a ke kira Ƙattara, wanda ya nutsa mita 133 ƙasa da teku. Gishiri ne da rairayi, amma a irin wannan taswira da kore a kan shafa shi. Jos kuwa, da ya ke tana bisa tudu mai tsawon mita wajen 1,200, da ruwan ƙasa a ke shafa ta kamar wurin da ya ƙone, alhali daga nan dankalin Turawa da kabeji su ke fitowa. Haka tudun Mambila, inda a ke noman ganyen shayi, shanu suna kiwo cikin ɗanyar ciyawa. Kun ga dai kama da wane ba ta wane.

Taswirar ruwan sama ita ma da nata tsarin. Sakkwato ta kan sami ruwa milimita wajen 700 a shekara, Kaduna wajen 1,200, Fatakwal kuwa ya haura 2,000. Ga waɗanda suka saba da tsohon awo, inci 1 milimita 25 ne da ɗan kai. Mai zane sai ya raba ƙasar ɗamara ɗamara daga kudu zuwa arewa, kowace da launinta. Kowace shekara hukumar NiMet mai duba yanayi ta kan fitar da hasashen damina da irin waɗannan taswirori: wata ta saukar ruwa, wata ta ɗaukewarsa, wata ta tsawon damina. Sun yi kama da juna ƙwarai, amma launin da ke nufin farkon Yuni a wannan, a waccan yana iya nufin kwana 100. Wanda ya sayi irin dawa mai jinkirin nuna domin ya karanta taswirar da ba ita ba, kaka ce za ta gaya masa.

A lura kuma, a takarda launi biyu suna haɗuwa a kan layi kaifi ɗaya, amma hadari bai san layi ba. In garinku ya faɗa kusa da inda launi ya sake, a ɗauka kuna tsakanin biyu. Hasashe kuma hasashe ne na yanki duka. Kada a binne iri sai an tona an ga ƙasa ta jiƙu sosai.

MAGANAR LAYUKA

Layi ma yana magana ta wajen kaurinsa da yadda aka ja shi. Hanya mai kauri babba ce, siririya ƙarama ce, wadda aka ja guntu guntu kuwa turba ce ko hanyar rani. Mai ɗaukar amfanin gona a mota ya kamata ya san wannan kafin ya yi alkawarin kai kaya a watan Agusta.

Shuɗin layi wanda bai yanke ba kogi ne mai ruwa. In aka ja shi guntu guntu, ko aka cika shi da ɗige-ɗige, galibi rafi ne mai ƙafewa da rani. Wanda ke neman wurin lambu, wannan bambanci shi ne tsakanin riba da hasara. Inda kuma aka zana 'yan ciyayi tsaye bisa gajerun layuka, fadama ce ko wurin da ruwa ke kwanciya. Mai shinkafa ya yi murna, mai gero da mai niyyar gina rumbu su nemi wani wuri.

Akwai waɗansu layuka sirara masu ruwan ƙasa, suna lanƙwasa suna bin juna kamar zanen ƙwarya. Ba hanya ba ne, ba rafi ba ne, in ka je wurin ma ba za ka gan su ba. Mu kira su layukan tudu. Kowane ɗaya yana bin wuraren da tsawonsu daga teku ya zo daidai, an kuma rubuta lambar tsawon a jikinsa, a tsofaffin taswirori da ƙafa, a sababbi da mita. Ku tuna yadda ruwan tafki ya kan bar zobe a gaɓa duk sa'ad da ya janye, wani ƙarƙashin wani. To, kamar haka ne.

Karatunsu ba wuya. Inda suka matsu da juna, gangaren yana da tsanani. Inda suka yi nesa da juna, fili ne shimfiɗaɗɗe. Inda suka yi zobe cikin zobe, lamba tana ƙaruwa zuwa ciki, dutse ne ko tudu. Inda suka yi tsini kamar bakin mashi a kan rafi, tsinin yana nuna wajen da ruwa ke fitowa.

Amfaninsu ga manomi babba ne. Ruwa kullum yana gangarowa ne ya ratsa waɗannan layuka a gicciye. In ka yi kunyoyinka suna bin gangare daga sama zuwa ƙasa, ka yi wa ruwa hanya ke nan, ya kwashe taki da ƙasar sama ya bar maka kwazazzabo. In kuwa ka yi su suna bin yadda layin tudu ya bi, kowace kunya ta zama 'yar madatsa, ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. Abin da malaman gona ke nufi ke nan in sun ce a yi huɗa a gicciyen gangare.

MA'AUNI

Ba mai iya kawo ƙasa bisa takarda sai ya rage ta. Ma'auni shi ke faɗin sau nawa aka rage. In ka ga an rubuta 1:50,000, ma'anarsa abin da ya ke santimita 1 a takarda, a ƙasa santimita 50,000 ne, watau mita 500. Santimita 2 ke nan kilomita 1. Da yawa daga taswirorin Nijeriya masu nuna tudu da rafuka da wannan ma'auni aka yi su, daga hotunan da aka ɗauka ta jirgin sama.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, don a nan ne rigimar iyaka ta kan ɓuya. Hekta 1 mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi, watau eka biyu da rabi sai kaɗan. A taswira mai 1:50,000, gona mai hekta 1 ba ta wuce milimita 2 kowane gefe ba, kamar ƙwayar gero. Layin da aka ja da alƙalami, in kaurinsa rabin milimita ne, ya rufe mita 25 a ƙasa. Kunya nawa ke nan? Ta fi 25. Saboda haka duk wanda ya shimfiɗa irin wannan taswira ya ce ga inda gonarka ta tsaya, ga inda tasa ta fara, ya ɗora wa takardar kayan da ba ta iya ɗauka. Ta isa ta nuna ƙauye da rafi da dutse, amma ba ta isa raba gona ba. Taswirar gona sai mai ma'auni kamar 1:1,000, inda santimita 1 ta ke mita 10, hekta kuma ta kai faɗin tafin hannu.

Saboda wannan dalili ne kuma masu zane su kan ƙara wa abu girma da gangan. In za a ja hanyar mota daidai faɗinta, ido ba zai gan ta ba, sai a kauraro ta. Rijiya da masallaci da makaranta alama kawai a ke sa musu. Alamar tana cewa ga inda abin ya ke, ba ta faɗin girmansa.

Ga gargaɗi ga akawuna. A kan rubuta ma'auni iri biyu, da lamba, da kuma ɗan layi mai gaɓa gaɓa kamar rula. In aka sa taswira a injin kwafi aka rage ta don ta shiga fayil, lambar ta zama ƙarya, domin takarda ta ƙanƙance, lamba tana nan yadda ta ke. Amma layin mai gaɓa tare suka ƙanƙance, shi ne abin dogara. Kwafi baƙi da fari kuma ya kan mai da ja da kore su zama toka ɗaya. In magana ta kai ga kuɗi ko shari'a, a nemi ta asali.

INA AREWA?

Mu mun saba fara lissafi daga gabas, don can rana ke fitowa, can wajen kuma mu ke fuskanta in za mu yi salla. Masu taswira na yanzu kuwa arewa su ke sawa a sama, gabas ta koma hannun dama. Al'ada ce kawai. Malam Idrisi, wanda ya zana taswirar duniya ga sarkin Sisili a 1154, kudu ya sa a sama, bai kuwa yi kuskure ba. Abin da ya wajaba shi ne a nemi 'yar kibiyar da ke nuna arewa, don a taswirar gona ba kullum ta ke kallon saman takarda ba. In ka isa wurin, juya takardar har kibiya ta dubi arewa ta gaskiya. In kana fuskantar mafitar rana, arewa tana hagunka. Sa'an nan abin da ke dama a takarda zai zo dama a ƙasa.

GA 'YAN KASUWA

Akwai taswirorin da ke nuna inda a ke samun gyaɗa, ko riɗi, ko shanu. Waɗansu da ɗige-ɗige a ke yinsu, mabuɗi ya ce kowane ɗigo tan kaza ne. Ɗigon ba gona ba ce, yawan ɗigo a yanki shi ne labarin. Waɗansu kuwa jiha duka a ke shafewa da launi guda, a nan ne a ke tuntuɓe. In aka shafe Jihar Kaduna da launi mai duhu a taswirar citta, gaskiya aka faɗa, amma cittar a kudancin jihar ta ke, wajen Kachiya da Jaba da Kagarko. Wanda ya ɗauki buhunansa ya nufi Zariya saboda launi, ya yi asarar kuɗin mota. Haka kuma jiha mai faɗi ta fi cika ido a takarda, ko da ƙaramar da ke kusa da ita ta fi ta amfani.

Taswirar cikin waya ita ma ba ta fita daga wannan doka ba. Hoton da tauraron ɗan Adam ya ɗauka yana da ranarsa. In da damina aka ɗauka, fako ma sai ya yi kore. In da rani ne, fadamar da ruwa ke shanyewa sai ta yi kama da filin gini.

TAKARDAR SAFIYO TA GONA

Wannan ita ce taswirar da ta fi shafar aljihun manomi. Tun da aka kafa dokar ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna amana, mai neman takardar shaidar mallaka kuma a kan bukaci ya kawo zanen safiyo. In aka miƙa maka irin wannan zane, ko kai ke saye ko kai ke sayarwa, ga abin da za ka duba.

Na farko, sunan mai gona da sunan wurin. Na biyu, ma'auni da kibiyar arewa. Na uku, iyakar gonar, wadda galibi a kan zagaye da jan layi: abin da ke cikin jan shi a ke magana a kai, abin da ke waje ba ya ciki, ko da mai sayarwa ya nuna maka shi da baki. Na huɗu, a kowace kusurwa akwai alama da lamba. Wannan lamba ta turken siminti ce da ma'aikacin safiyo ya kafa a ƙasa. Na biyar, tsawon kowane gefe da faɗin gonar duka. Na shida, sunan ma'aikacin da hatiminsa da kwanan wata.

Kada a biya kuɗi a zaure. A ɗauki takardar a tafi gonar tare da mai unguwa da maƙwabtan iyaka, a nemo turakun ɗaya bayan ɗaya, a gwada lambar da ke jikinsu da ta takarda, a ga ko sun dace da gamba da itatuwan da dattawa suka sani a kan iyaka. Tumɓuke turken safiyo ko gusar da shi laifi ne a doka. Sa'an nan a je ofishin ƙasa da safiyo na jiha, a roƙa su gwada zanen da babbar taswirarsu, don a tabbata gonar ba ta faɗa cikin gandun daji ba, ko makiyayar da aka keɓe, ko burtali, ko inda gwamnati ta shata hanya. Rigingimu da yawa tsakanin manomi da makiyayi daga nan su ke tasowa: burtalin yana nan a takarda, amma an nome shi a ƙasa. Matambayi ba ya ɓata.

A TAƘAICE

Duk taswirar da ta zo hannunka, yi mata tambaya biyar kafin ka gaskata ta. Mene ne sunanki? Yaushe aka yi ki? Me mabuɗinki ya ce? Sau nawa aka rage ƙasa a cikinki? Ina arewarki? In ta amsa duka, ta zama abokiyar shawara. In ta rasa ɗaya, a yi hattara da ita.

Bayan haka kuma a taka a je a gani, don hangen Dala ba shiga birni ba ne. Taswira za ta gaya maka akwai rafi, amma tsohon da ya shekara hamsin a wurin shi zai gaya maka inda ruwa ya kai shekarar da aka yi ambaliya. Wanda ya haɗa biyun ya fi wanda ya riƙe ɗaya.

Masu yara a makaranta, ku sa su kawo littafin taswirarsu gida, ku zauna tare bayan sallar isha, su karanta muku mabuɗi, ku kuma ku gaya musu abin da ke ƙasa. Wanda bai gane wani abu ba, ya tambayi malamin gona na yankinsa, ko ya rubuto wa wannan fili. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu rigimar iyaka, amin.